Takardar Lafiyar Dabba Da Makiyayin Nasko

Zancenmu na wannan mako a kan wata 'yar takarda ne wadda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, alhali kuwa naman da muke ci da nonon da muke sha suna rataye da ita. Ita ce takardar da likitan dabbobi na gwamnati ke sa wa hannu ya buga hatimi, yana shaida cewa ya duba dabba kaza ko kaya kaza, bai ga cuta ba, ana iya ƙetare iyakar ƙasa da su.

Abin da ya tayar mini da zancen shi ne wata ziyara da na kai Nasko kwanakin baya, watau hedkwatar Ƙaramar Hukumar Magama ta Jihar Neja, cikin ƙasar Sarkin Sudan na Kwantagora. Bayan la'asar na zauna hira a gindin wata bishiya da wani dattijo, falken shanu, wanda ya ce tun yana saurayi yake wannan sana'a. Da hira ta yi daɗi sai ya sa hannu a aljihun 'yar cikinsa ya fito da wata leda, ya warware, ya miƙo mini takardu uku. Ya ce da su aka rako wasu bijimai da ya saya, waɗanda aka shigo da su daga ƙetare.

Na dudduba. Ta farko da Faransanci aka rubuta ta, hatiminta ya koɗe har ba a iya karanta sunan ofishin da ya buga shi. Ta biyu da Turanci, rubutun hannu a kan fallen da aka yago daga wani littafi. Ta uku kuwa rasit ne kurum na kuɗin haraji. Babu wadda ta faɗi launin sa ko shekarunsa ko wata alama ta jikinsa. Abin da aka rubuta kawai shi ne adadinsu.

Na ce, "Baba, to wace ce takardar lafiya a cikin ukun nan?"

Ya yi dariya, ya ce, "Ɗan nan, wadda mai shinge ya karɓa ya ɗaga maka sanda, ai ita ce ta lafiya."

Na ce, "Akwai wanda ya buɗe bakin san nan ya duba, ko ya auna zafin jikinsa?"

Ya ce, "An dai ƙirga su."

Ban ga laifin dattijon nan ba. Abin da aka nema gare shi ya bayar, kuɗin da aka yanka masa ya biya. Amma tun daga ranar nan maganarsa take yi mini yawo a kai, domin bijiman da aka ƙirga ba a duba ba sun sha ruwa a mashaya ɗaya da shanun mutanen Nasko da Ibeto da Salka da Auna, sun kwana a kara ɗaya da su. In akwai wani abu a huhun ɗayansu, ba shi ne zai yi hasara ba, tun da ya sayar ya wuce. Wanda zai yi hasara shi ne Bafulatanin da ke da garke a gefen gari, da Bakambaren da ya tara kuɗin gyaɗa da dawa na shekara uku ya sayi shanun huɗa guda biyu.

Kada mai karatu ya ɗauka tsoro ne kawai na ɗan jarida. Abin ya taɓa faruwa, ba sau ɗaya ba. Cikin 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a ƙasar Iritiriya ta yau, don ciyar da rundunarsu. Ashe shanun na ɗauke da ciwon bushiya. Cikin 'yan shekaru kaɗan cutar ta ratsa Habasha da Sudan, ta iso Tafkin Cadi, ta faɗo ƙasar Hausa a zamanin da Ibrahim Nagwamatse ke sarautar Kwantagora, cikin 1897 kuma ta kai ƙarshen Afirka ta Kudu. Masana tarihi sun ce a wurare da yawa shanu 9 cikin 10 ne suka mutu. Fulani suka laƙaba wa annobar suna Sannu, saboda yawan jajen da ake yi wa juna. Duk wannan ɓarna daga 'yan shanun da aka sauke a tasha guda ta taso, ba wanda ya tambayi inda suka fito, balle abin da suke ɗauke da shi.

Su ma Turawa sai da wuta ta taɓa gemunsu suka shafa ruwa. Cikin 1920 aka ɗauko wasu shanu masu tozo daga Indiya za a kai su Barazil, jirgin ya yada zango a Antwerp ta ƙasar Beljiyam, sai ga bushiya ta ɓulla a tsakiyar Turai bayan sun ɗauka sun rabu da ita. Firgitar da wannan ya jawo ita ce ta sa ƙasashe 28 suka sa hannu a birnin Faris ran 25 ga Janairu, 1924, suka kafa ofishin da a yau ake kira Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya. A wannan shekara ce kuma aka mayar da sashen likitocin dabbobi na Nijeriya daga Zariya zuwa Vom, kusa da Jos, inda aka shiga haɗa maganin rigakafin bushiya.

Dattawan da ke raye yau ba su ga Sannu ba, amma sun ga ta 1983. An yi gagarumin aikin yi wa shanu lamba wanda aka soma cikin 1962 a Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru, cutar ta lafa, kowa ya saki jiki, aka rage tsaron iyaka da allura. Ashe ta ɓuya ne a wajajen Mali da Muritaniya da kuma kudancin Sudan. Farkon shekarun 1980 ta dawo mana ta yamma da ta gabas, a ƙafafun shanun kiwo da na fatauci. Duk wanda ya tashi a ƙauye a lokacin zai ba ka labarin mushen da aka riƙa binnewa da makiyayan da suka wayi gari da sanda kaɗai. Sai cikin 2011 aka ba da sanarwar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa baki ɗaya. Alhamdu lillahi. To, amma bushiya ce kaɗai ta tafi. Ciwon huhu na nan, boru na nan, saifa na nan, haka kuma annobar awaki da tumaki wadda duniya ta sa wa 2030 a matsayin shekarar da ake fatan gamawa da ita.

Yanzu bari mu koma ga ita takardar. Me ake nufi in an ce a daidaita ta?

Hukumar nan ta Faris tana da kundin ƙa'idoji wanda ta fara fitarwa cikin 1968, ana kuma yi masa gyara kusan kowace shekara. Tun 1995, da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wannan kundi ne ma'aunin da ake komawa gare shi in ƙasashe biyu sun yi gardama a kan dabba ko nama. A cikinsa akwai samfurin takarda wadda kowace ƙasa za ta kwaikwaya, da sharuɗɗan cika ta. Na karanta su, na ga babu wani abin wuya a ciki, hankali ne kawai. Kowace takarda sai ta kasance da lambarta wadda babu wata mai irinta, don a iya bin sawunta. Sai ta faɗi wanda ya aiko da wanda aka aika wa, da inda dabbar ta fito, da ƙofar da za ta shiga, da abin da aka ɗauko ta a ciki. Sai a rubuta ta da harshen da ma'aikacin ƙasar da za a shiga yake ji, da wanda likitan da ya sa hannu yake ji. Ba a kankare rubutu, in an yi kuskure sai a soke a sa hannu a buga hatimi a wurin. Launin tawadar sa hannu da na hatimi su sha bamban da na bugun takardar, don a gane ta asali da wadda aka kwafa. Sharuɗɗa biyu kuma su ne suka fi burge ni: kada likita ya shaida abin da ba shi da saninsa, kuma kada ya kasance yana da wata riba a cikin kayan da yake shaida.

Sai mai karatu ya auna takardun dattijon Nasko da wannan ma'auni ya gani ko akwai wadda ta tsallake.

A kan takarda, Nijeriya ba ta rasa doka ba. Akwai Dokar Soja mai lamba 10 ta 1988 a kan hana yaɗuwar cututtukan dabbobi, wadda aka sake ta da sabuwa cikin 2022. Wanda zai shigo da dabba mai rai, ko ƙwan ƙyanƙyasa, ko maniyyin sa don inganta iri, sai ya fara samun izini daga ofishin Babban Likitan Dabbobi na Tarayya, kayan kuma su iso tare da shaidar likitan gwamnatin ƙasar da suka fito. Akwai hukumar killace kayan gona, watau NAQS, wadda ke da ma'aikata a filayen jiragen sama da tashoshin ruwa da ƙofofin iyaka. Cikin 2024 ma an ware wa harkar dabbobi ma'aikatarta ta tarayya. Attajirin da ya yi odar shanun madara daga Turai, ko kamfanin da ke sauke 'yan tsaki a filin jirgin Ikko, ya san wannan hanya sarai, yana da akawun da zai cika masa fam.

Matsalar ita ce mafi yawan dabbobin da ke shigowa ƙasar nan ba a jirgi suke zuwa ba. Da ƙafarsu suke shigowa, ko a bayan tirela, ta Illela da Jibiya da Maigatari da Kamba da Gamboru da Mubi, da ta ɗaruruwan burtali da ba su da suna a taswira. Iyakarmu da Nijar kimanin kilomita 1,500 ce, da Binin kuma kusan 800. Mutumin Nasko in ya fuskanci yamma, Tafkin Kainji ne a gabansa, bayansa ƙasar Borgu, bayanta kuma Jamhuriyar Binin. In ya fuskanci arewa, Yawuri ce da sauran ƙasar Kabi, har zuwa Kamba da Gaya. Da rani garkunan arewa kan gangaro wajen kogin Kwara neman ciyawa da ruwa, da damina su koma. Tirelolin shanu kuwa ta Kwantagora suke bi su nufi Makwa da gadar Jabba zuwa kasuwannin kudu. Ashe kuwa Nasko, ko da yake babu ofishin kwastan a cikinta, garin bakin iyaka ce in ana zancen cuta.

Ƙungiyar ECOWAS ta yi yunƙurin toshe wannan kafa cikin 1998, lokacin da shugabanninta suka amince a Abuja da takardar shaida guda ɗaya ta makiyaya masu ƙetare iyaka. Takardar ta ƙunshi yawan garke da irin dabbobin da ke ciki, da allurorin da aka yi musu, da hanyar da za su bi, da ƙofar da za su fita da wadda za su shiga, da inda za su yada zango. Tsari ne mai kyau. Amma sai mai karatu ya tambayi Arɗo goma ko sun taɓa riƙe ta, ya ji amsar da zai samu. Bugu da ƙari, abubuwa sun sake tun daga lokacin. Ƙasar Binin ta hana garkunan waje shiga ƙasarta kiwo a ƙarshen 2019. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS cikin Janairun 2025. Gwamnatoci na iya ɓatawa su rufe ƙofa, kamar yadda muka rufe tamu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, amma saniya ba ta daina bin ciyawa don an rufe ƙofa. Abin da kawai ke faruwa shi ne a bar hanyar da likita ke zaune a bi ta daji.

A nan ne nake ganin masu shirya wannan aiki ya kamata su tsaya su yi tunani, domin akwai wani abu game da cuta wanda ido ba ya kamawa. Ɗauki ciwon huhu. Sa na iya ɗaukarsa ya yi watanni bai nuna alama ba, kundin da na ambata ma wata 6 ya ƙayyade. Wanda ya yi ciwon ya warke kuma yana iya zama da ƙullutun cutar a huhunsa, yana kiwo lafiya lau, yana tari yana rarraba wa sauran. Boru kuwa, wanda ke fasa baki da kofato, kwana 14 aka ƙayyade masa. Saboda haka ko da ma'aikacin bakin iyaka mai gaskiya ne, ko da ya buɗe bakin kowane sa, dubawar rana ɗaya ba ta isa ba. Abin da ke tsare mu shi ne labarin dabbar: daga wane garke ta fito, yaushe aka yi mata lamba, da wace allura, an ji ɓullar cuta a gundumarsu cikin watannin nan ko ba a ji ba. Wannan labari kuwa likitan can ne kaɗai ya san shi, takarda ce kuma kaɗai za ta kawo shi ga likitan nan. In ta zo da harshen da ba ya ji, ko a tsarin da bai saba gani ba, ko babu lambar da zai kira ya tabbatar, to labarin ya ɓace a hanya.

Sa'an nan akwai tambayar da ta fi kowace wuya, wadda takardun dattijon nan suka tona: takardar wace dabba ce? In an rubuta shanu 14, waɗanne 14? Falke na iya sayar da biyar a hanya ya cike gurbinsu da wasu biyar, adadi bai sake ba. Ɓarawon shanu ma, waɗanda suka addabi wannan yanki cikin shekarun nan, yana iya rako na sata da takardar na halal. Muddin ba a ɗaure takarda da jikin dabba ba, ta hanyar 'yar alamar kunne mai lamba ko wani abu makamancinta, to daidaita fam ɗin ado ne kawai. Na san makiyayanmu suna da ƙyamar duk wani abu mai kama da ƙirga, tun zamanin jangali suke ɗari-ɗari da shi, ba kuma a banza ba. Amma su ne suka riƙa kai shanunsu a yi musu lamba a kunne lokacin yaƙi da bushiya, da suka ga amfaninta da idonsu.

Ba dabba mai rai kaɗai ba ce abin tsoro. Cikin watan Yuni na 2023 Gwamnatin Tarayya ta yi gargaɗi cewa ciwon saifa ya ɓulla a arewacin Gana, ta ja kunnen jama'a game da cin ganda da naman da ba a san asalinsa ba. Wata guda bayan haka sai aka tabbatar da cutar a wata gona a Gajiri, kusa da Suleja, a cikin Jihar Neja ɗin nan. Ƙwayar saifa na iya zama shekaru da yawa a cikin ƙasa ko a busasshen ƙirgi ba ta mutu ba, tana kuma kama mutum, musamman mahauci da majemi. Alhali kuwa ƙiraga nawa ake shigowa da su ƙasar nan daga ƙetare don a babbake a ci? Haka nan daskararrun kajin da aka daɗe da haramta shigowa da su amma ba su daina ɓullowa ta iyakar Binin ba, waɗanda babu takarda ko ta ƙarya a tare da su. Masu kiwon kaji kuma ba su manta da watan Fabrairu na 2006 ba, sa'ad da aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna.

Wani zai ce duk wannan wahala ce za a ƙara wa talaka, wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi ce. Ba zan ƙaryata shi gaba ɗaya ba. Duk wanda ya taɓa bin motar shanu daga arewa zuwa kudu ya san yawan shingayen da ke hanya, da irin rasit ɗin da ake tarawa. In sabuwar takarda za ta zama ta huɗu a cikin ledar dattijon Nasko, gara a bar ta. Amfaninta shi ne ta maye gurbin sauran: guda ɗaya, iri ɗaya daga Kamba har Mubi, da Turanci da Faransanci, da fassarar Hausa a ƙarƙashin kowane layi don mai dabba ya san abin da aka rubuta a kansa, kuɗinta a rubuce a fuskarta, lambarta kuma ta shiga kwamfuta yadda ma'aikacin Jabba zai duba a wayarsa ya ga ashe jiya aka ba da ita a Illela. Sa'an nan a zauna da Nijar da Binin da Cadi da Kamaru, ɗaya bayan ɗaya in ta kama, a yarda da takardun juna, ko da 'yan siyasa ba sa ga maciji.

Akwai kuma riba a ciki wadda ba a cika faɗa ba. Ƙasar da ba ta san abin da ke shigo mata ba, ba wanda zai yarda da shaidarta a kan abin da take fitarwa. Dubi Botsuwana. Cikin 1995 ciwon huhu ya shigo mata ta arewa maso yamma, ta yanka shanu kimanin 320,000 a lardin ta biya masu su diyya, don kawai ta tsare sunanta a kasuwar naman Turai. Mu kuwa da muke da shanu ninkin-ba-ninkin nata, da jar akuyar Sakkwato wadda fatarta ta yi suna a duniya tun zamanin ayarin raƙuma, da kilishin da duk baƙon da ya ɗanɗana sai ya nemi guzuri, ba mu da ƙofar kai nama manyan kasuwannin nan. Matafiyinmu da ya sa kilishi a jaka zuwa Ingila ko Amurka ya san inda ake raba shi da shi.

Da zan tashi na mayar wa dattijon nan takardunsa, na tambaye shi ko zai yarda ya tsaya kwana biyu ko uku a bakin iyaka a duba masa shanu sosai, in takardar da za a ba shi ita kaɗai za ta kai shi har kudu. Ya yi shiru yana naɗe ledarsa. Can ya ce shekarar da huhu ya shiga garken ƙanensa, saniya ɗaya ce aka sayo a kasuwa, mai ƙiba, ba ta ko tari. Ya ce zai tsaya, in dai akwai ruwa da ciyawa a wurin, likitan kuma yana nan ba sai an aika a kira shi daga birni ba.